Wasiƙar Jefferson zuwa ga Adams a dala 3,000: a saya ko a haƙura?

Wani malamin tarihi ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga ana tallar wata wasiƙa a intanet, mai ita yana cewa Thomas Jefferson ne ya rubuta wa John Adams da hannunsa, a kan dala 3,000, har da takardar shaidar inganci. Yana so ya san ko ya saya, kuma ko mai matsakaicin ƙarfi zai iya fara tara wasiƙun shugabannin da suka kafa Amurka.

Malam, Allah ya ƙara basira. Kada ka tura kuɗin nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko wasiƙar yau da kullum da Jefferson ya rubuta wa dillalinsa a kan cinikin taba ko fulawa, in dai da hannunsa ce, ta wuce wannan farashi nesa ba kusa ba, balle wadda ya aika wa Adams. Amma arahar ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wasiƙun da manyan nan suka rubuta wa junansu kusan duk an san inda suke. An ƙirga su, an buga su, an rubuta sunan ɗakin da kowace take ajiye. Don haka duk wanda ya zo maka da ɗaya, kafin ka dubi kyan rubutun, tambaye shi inda takardar take tun shekara ɗari biyu da suka wuce, da hannun da ta bi har ta iso gare shi.

Ka ɗauki su Adams da Jefferson ɗin. Tare suka yi aikin Takardar Ayyana 'Yancin Kai a 1776, tare suka wakilci sabuwar ƙasar a Turai, Jefferson a Faris, Adams a Landan. Siyasa ta raba su, zaɓen 1800 ya ƙarasa ɓata tsakaninsu, suka shafe sama da shekara goma babu mai rubuta wa wani. Abokinsu likita Benjamin Rush ne ya yi ta kai gwauro yana kai mari har Adams ya ɗauki alƙalami ranar 1 ga Janairu, 1812. Daga nan zuwa rasuwarsu suka yi musayar wasiƙu 158, Adams ya rubuta 109, Jefferson 49, a kan addini, falsafa, tsufa, da abin da juyin juya halinsu ya haifar. Su biyun suka rasu rana ɗaya, 4 ga Yuli, 1826. Dattawan nan sun san na baya za su karanta su, shi ya sa kowannensu yake adana abin da ya karɓa, yake kuma ajiye kwafin abin da ya aika. Takardun gidan Adams suna hannun Ƙungiyar Tarihi ta Massachusetts da ke Boston, zuriyarsa suka ba da su a 1956. Mafi yawan na Jefferson gwamnati ta saya a 1848, yanzu suna Laburaren Majalisar Dokoki a birnin Washington. Nan ne kuma na George Washington suke, waɗanda aka saya a 1834 da 1849, da na Madison da Hamilton da Monroe. Kaso mafi tsoka na takardun Benjamin Franklin yana wata tsohuwar ƙungiyar masana a Filadalfiya wadda shi da kansa ya kafa.

Aikin farko ba zai ci maka ko kwabo ba. Akwai shafin Founders Online, wanda Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Amurka ta buɗe a 2013, ɗauke da takardu sama da 180,000 na Washington, Franklin, Adams, Jefferson, Hamilton, Madison da John Jay. Sa kwanan watan wasiƙar da sunan wanda aka rubuta wa. A ƙasan kowace wasiƙa editoci sun faɗi inda ta asali take, ko a laburare kaza, ko a hannun wani mai tarawa, ko an sayar da ita a gwanjo a shekara kaza. In ka tarar wadda aka aika wa Adams tana Boston, to wadda ake yi maka talla ɗayan uku ce: kwafi na bugawa, jabu, ko kayan sata. In kuwa ba ka same ta sam ba, kada ka yi murnar ka tsinci abin da masana suka rasa. Hakan yana faruwa, amma da wuya ƙwarai. Jefferson ya rubuta wasiƙu kimanin 19,000, kuma tun daga 1783 har ƙarshen rayuwarsa yana da rajista inda yake shigar da abin da ya aika da abin da ya karɓa, rana bi rana. Wasiƙa zuwa ga Adams wadda babu ita a rajistar, babu kwafinta, Adams kuma bai ambace ta a amsarsa ba, abar tuhuma ce tun kafin a taɓa ta.

Akwai wani abu a nan da ke rikita sababbin shiga. Wasiƙa ɗaya tana iya samun asali fiye da ɗaya. Akwai daftari, akwai wadda aka aika, akwai kwafin da marubucin ya ajiye. Lokacin yaƙi, ko in wasiƙa za ta ƙetare teku, sukan rubuta biyu ko uku su ba jirage daban-daban, saboda ɗaya na iya nutsewa ko ya faɗa hannun abokan gaba. Jefferson ya daɗe yana amfani da matsar kwafi da James Watt ya ƙirƙiro a 1780, inda ake danna ɗanyar takarda mai shara-shara a kan sabon rubutu ta ɗauki tawadar. Daga 1804 ya koma wata na'ura mai alƙalami biyu da aka haɗa da sanduna, yana rubutu da ɗaya, ɗayan yana bin sa a wata takardar. Duk waɗannan na gaskiya ne, amma darajarsu ba ɗaya ba ce, kuma dole mai sayarwa ya faɗa maka wacce ce yake riƙe da ita. Wadda aka aika za ka ga alamun tafiya a jikinta: sawun ninki, adireshi a bayanta, ragowar jan kakin hatimi, sau da yawa da 'yar yagewa a wurin da aka ɓalle shi, wani lokaci da rubutun mai karɓa yana nuna ranar da ta iso.

To ta yaya wasu suka fito kasuwa? Ta ƙofa biyu. Ta farko, iyalan waɗanda aka rubuta wa, hafsoshi da 'yan kasuwa da dangi, waɗanda suka gaji wasiƙa ɗaya ko goma suka sayar daga baya. Ta biyu kuwa ɓarna ce da aka yi tun ƙarni na 19, kuma har yau takan ɓata mini rai. Bayan rasuwar Washington, takardunsa suka koma hannun ɗan ɗan'uwansa, Bushrod Washington, mutum mai saurin kyauta. Ya bar wani limamin coci mai tara sa hannu, William Sprague, ya zaɓi wasiƙu kimanin 1,500 ya tafi da su ya bar kwafi. Jared Sparks, wanda ya buga rubuce-rubucen Washington a juzu'i 12 tsakanin 1834 da 1837, ya riƙa gyara masa Turanci yadda ya ga dama, ya kuma yayyanka daftarin jawabin kama mulki da Washington ya shirya bai karanta ba, yana raba wa masu roƙon ɗan samfurin rubutunsa. Har yau guntayen suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma haɗa jawabin ya cika ba. A gidan Madison, agolansa Payne Todd ne ya riƙa ɗibar takardu yana biyan bashi da su. Matar Washington kuwa, Martha, ƙone wasiƙun da ke tsakaninta da mijinta ta yi, 'yan kaɗan ƙwarai suka tsira. Mai tarawa na kirki yana bukatar sanin waɗannan labarai, domin salsalar takarda ta gaskiya yawanci tana komawa ga ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙofofi.

Game da farashi, abu biyu ke ɗaga shi: abin da wasiƙar ta ƙunsa, da ƙarancin irinta. A Disamba 2009 gidan gwanjo na Christie's ya sayar da wasiƙar da Washington ya rubuta wa Bushrod a Nuwamba 1787 a kan dala miliyan 3.2, saboda a ciki yake bayyana dalilansa na goyon bayan sabon Kundin Tsarin Mulki. Wasiƙarsa ta odar kayan gona ba za ta kai ko kusa ba, ga shi kuwa hannu ɗaya ne, tawada ɗaya. Ta fuskar ƙaranci kuma ga Button Gwinnett na Georgia, wanda ko Amurkawa kaɗan ne suka san shi. Yana cikin mutum 56 da suka sa hannu a takardar 'yanci, ya mutu a 1777 bayan fito-na-fito da bindiga da abokin hamayyarsa, sa hannunsa 51 kacal aka sani a duniya. Masu son cika jerin mutum 56 ɗin ba su da makawa sai shi, shi ya sa a 2010 aka sayar da wata wasiƙa mai sa hannunsa a Sotheby's a kan dala 722,500.

Ka koyi karanta kundin gwanjo. In ka ga ALS, wasiƙar dukkanta da hannun mutumin ce har sa hannu. LS na nufin magatakarda ya rubuta, shi ya sa hannu. DS takardar aiki ce mai sa hannunsa, kamar takardar mallakar fili ko ta naɗi. Yawancin wasiƙun Washington na lokacin yaƙi da hannun mataimakansa suke, irin su Tench Tilghman da Robert Hanson Harrison da Alexander Hamilton, kuma wadda Hamilton ya rubuta Washington ya sa hannu tana da nata masoya. Adams da ya tsufa hannunsa na rawa, idonsa ya raunana, sai ya riƙa shifta wa 'yan gidansa, ya sa hannu da ƙyar. Jefferson ya ji rauni a wuyan hannun dama a Faris a 1786, har ya yi wani ɗan lokaci yana rubutu da hagu. Wanda ya san rubutun mutum a shekara ɗaya kawai bai san rubutunsa ba tukuna.

Sai ita kanta takardar. A zamanin daga tsumman lilin da auduga ake yin ta, da hannu. Ɗaga ta ga haske, yawanci za ka ga siraran layuka a jere, da wasu masu tazara da suka gitta su, wani lokaci da tambarin masana'anta har da shekara. In shekarar tambarin ta zo bayan kwanan watan wasiƙar, magana ta ƙare. Takardar ɓawon itace sai tsakiyar ƙarni na 19 ta yaɗu. Ambulan ma bai zama ruwan dare ba sai wajen shekarun 1840, kan sarki na gwamnatin Amurka kuma 1847 ya fara. Kafin nan wasiƙar ake ninkewa a like da kaki, a wurin kuɗin aikawa manyan jami'ai su sa hannu a bayanta ta tafi kyauta. Tawadar kuwa haɗin gishirin ƙarfe ce da wasu ƙulle-ƙulle da ƙwari ke haddasawa a itacen oak, da ƙaro, kusan irin wadda alarammomi ke haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera. Da baƙi take farawa, shekaru su mayar da ita ruwan ƙasa, ta ci cikin takardar har a ga inuwarta ta baya. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda kan yi nashe-nashe a gefen haruffa, musamman inda ta ratsa sawun ninki. Alƙalamin gashin dinya suke amfani da shi, wanda ba ya kartar takarda yadda bakin ƙarfe ke yi. Sannan ka dubi tafiyar hannun da gilashin ƙara girma. Mai rubuta abinsa yana gudu ne, mai kwaikwayo zane yake yi, za ka ga yana tsayawa a inda bai kamata ba, yana komawa yana gyara.

Kada wannan bayani ya sa ka ɗauka za ka iya yanke hukunci daga hoto a waya. 'Yan jabun wannan fanni ƙwararru ne, kuma sun daɗe. Tun Washington na raye, a 1777, aka buga wasiƙun ƙarya da sunansa a Landan don a nuna zuciyarsa ba ta tare da yaƙin, sai a 1797 ya ƙaryata su a rubuce. Robert Spring, ɗan Ingila da ya zauna Filadalfiya a tsakiyar ƙarni na 19, ya ƙware a takardun banki da na izinin wucewa masu sa hannun Washington, yana yanko fararen shafuka daga tsofaffin littattafai. Joseph Cosey ya fara da satar wata takardar biyan kuɗi mai sa hannun Franklin daga Laburaren Majalisa a 1929, daga nan ya shafe shekaru yana ƙera Franklin da Lincoln da wasunsu. Ayyukan waɗannan mutane yanzu su ma sun tsufa, sun bi hannaye da yawa, har wasu iyalai sun gaje su da imanin na gaskiya ne. Mark Hofmann na Utah ya yaudari manyan masana a shekarun 1980, bai tonu ba sai da ya kashe mutum biyu da bam a 1985 yana ƙoƙarin rufe asirinsa.

Abin da ya fi jabu yawa ma shi ne kwafin bugawa da aka yi ba da niyyar cuta ba. Wasiƙar Jefferson zuwa ga Craven Peyton ta 27 ga Nuwamba, 1803, wadda take maganar bashi, wani banki ya buga ta da yawa a shekarun 1930 don talla, kuma har gobe mutane na tsintar ta a akwatin kakanninsu su ɗauka sun yi arziki.

Kayan sata kuma wata masifa ce daban, domin takardar ta gaskiya ce amma ba za ta taɓa zama taka ba. Wasiƙar da Hamilton ya rubuta wa Lafayette, janar Bafaranshe da ya taya Amurka yaƙin 'yanci, ranar 21 ga Yuli, 1780, wani ma'aikaci ya sace ta daga ma'ajiyar takardun jihar Massachusetts wajen ƙarshen shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1940. A 2018 wasu iyali da suka gaje ta suka kai ta gwanjo a Virginia, gidan gwanjon ya bincika ya gano ɓatacciya ce, hukumar FBI ta karɓe ta, a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar ta jihar ce. Iyalin suka tashi a tutar babu. Duk takardar da ka ga an kankare wani tambari a kusurwarta, ko an datse gefenta, ka yi nesa da ita.

Takardar shaidar inganci da aka haɗa maka da ita ba ta fi wanda ya sa mata hannu daraja ba, kuma kowa na iya buga ta. Abin da ake nema shi ne rasit mai cikakken bayanin takardar, da alƙawari a rubuce cewa in aka tabbatar ba ta gaskiya ba ce za a mayar maka da kuɗinka ko bayan shekara nawa. Dillalai na kirki suna ba da wannan. Gidajen gwanjo irin su Christie's, Sotheby's, Bonhams, Swann da Heritage suna da masana a wannan fanni, amma garantinsu yana da wa'adi, ka karanta sharuɗɗan, ka kuma lissafa ladan da suke ɗorawa a kan farashin, wanda kan kai wajen rubu'i, ban da kuɗin aikowa da inshora.

Shin mai matsakaicin ƙarfi zai iya farawa? Ƙwarai kuwa, in ya cire ransa daga wasiƙar Jefferson zuwa ga Adams. Shugabannin farko da hannunsu suke sa wa takardun mallakar fili hannu, dubbai a kan dubbai, har sai 1833 da majalisa ta yarda sakatare ya riƙa sawa a madadin shugaba. Shi ya sa irin waɗannan takardu na Madison da Monroe suke cikin mafi sauƙin samu, kuɗin da ka ambata yana iya kai ka gare su. Amma in don tarihi kake so, ni shawarata ka sauko mataki ɗaya, wajen ministoci da 'yan majalisa da jakadu: Timothy Pickering, Oliver Wolcott, Henry Knox, Rufus King, Albert Gallatin, James McHenry. Su ne suke gudanar da aikin yau da kullum, wasiƙunsu cike suke da magana, farashinsu kuma da dama-dama. Wasiƙa mai shafi biyu daga ɗayansu a kan rikicin haraji ko bashin ƙasa ta fi mini sa hannun shugaba a kan fom.

Kuma ka zaɓi jigo, kada ka yi ta tsince-tsince. Kai malamin tarihi ne, ga hulɗar sabuwar Amurka da ƙasashen Musulmi na arewacin Afirka: yarjejeniyar abota da Maroko ta 1786 wadda Adams da Jefferson suka sa wa hannu, wasiƙar Washington zuwa ga Sarkin Maroko Muhammad bin Abdullah ta 1 ga Disamba, 1789, sai rikicin Tarabulus da ya kai ga yaƙi a 1801, da wasiƙun ƙananan jakadu da hafsoshin ruwa da suka biyo baya. Ga kuma batun bauta, wanda bai kamata mai tarawa ya kau da kai daga gare shi ba. A Agusta 1791 Benjamin Banneker, Baƙar fata ɗa, wato ba bawa ba, mai ilmin taurari, ya rubuta wa Jefferson yana tuna masa abin da ya rubuta da hannunsa na cewa an halicci mutane daidai, alhali yana riƙe da bayi. Jefferson ya amsa da ladabi a taƙaice, ya ci gaba da riƙonsu. A tsawon rayuwarsa ya mallaki mutum sama da 600. Waɗannan manyan wasiƙu ba na sayarwa ba ne, amma na kewaye da su suna fitowa, kuma wanda ya yi karatu shi ke gane su in sun fito.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka sayi sa hannun da aka yanko daga jikin wasiƙa. Ya fi komai sauƙin ƙirƙira, domin babu jimla, babu kwanan wata, babu abin da za a gwada. Kuma duk wanda ya saya yana ƙarfafa masu sa almakashi a takardar tarihi.

In Allah ya sa ka mallaki ɗaya kuma za ka kawo ta gida, yanayinmu sai an yi hattara. Danshin damina na kawo fumfuna, yana kuma zuga tawadar ta ci takarda, bushewar hunturu na sa ta ƙage ta karye a sawun ninki, ga gara da kyankyaso. Ka shimfiɗa ta a fayil marar asid, cikin akwati mai rufi, a ɗaki na ciki wanda zafinsa ba ya hawa da sauka, nesa da ƙasa da bangon waje, danshin ɗakin ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari in da hali. Kada a yi mata laminatin, kada salatif ko gam ya taɓa ta, kada a goge ta da ruwa. Wanke hannu ka busar kafin ka ɗauka. In kana son rataya wa baƙi, ka rataya hotonta, ita ka bar ta a duhu. Ka kuma aika wa editocin takardun mutumin hoto mai kyau. Aikin buga takardun Jefferson da aka fara a Jami'ar Princeton a 1943 har yanzu ana kansa, kuma suna maraba da irin wannan.

Shi kuwa mai tallar nan, rubuta masa ka nemi kwanan watan wasiƙar, da hoton gabanta da bayanta da wanda aka ɗauka an ɗaga ta ga haske, da sunan gwanjo ko dillalin da ya saye ta a wurinsa da shekarar. Ka ce masa kuma kana son wani masani da kai ka zaɓa ya duba ta da idonsa kafin kuɗi su motsa. Kafin ya amsa, kai ka riga ka duba kwanan watan a Founders Online ka ga inda ta asalin take.